Sa Darnley Alexander: Baƙon Da Ya Zama Babban Jojin Nijeriya

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa duba jerin waɗanda suka riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya tun daga samun mulkin kai, zai ga Ademola, ya ga Elias, sa'an nan kafin ya kai ga Fatai-Williams sai ya ci karo da wani suna wanda bai yi kama da na kowace ƙabila ta ƙasar nan ba, watau Darnley Alexander. Da yawa sukan ɗauka Baturen Ingila ne, ragowar ma'aikatan mulkin mallaka. To, ba haka abin yake ba. Mutumin ɗan wani ƙaramin tsibiri ne da ke Tekun Karibiyan, ya tsallako ruwa ya zo aiki yana ɗan shekara 37, bayan shekara 18 kuma ya wayi gari shi ne shugaban dukan alƙalan ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka.

Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne ta bi sawun wannan bawan Allah tun daga tsibirinsu har zuwa Kotun Ƙoli ta Ikko, domin mu ga amsar wata tambaya wadda ta shafi ƙasarsa ta haihuwa kamar yadda ta shafi tamu: me ke sa jama'a su bar nasu su tafi nesa neman wanda zai raba musu gardama?

Tsibirin Sent Lusiya

An haifi Darnley Alexander ran 28 ga Janairu, 1920, a birnin Kastiris, hedkwatar tsibirin Sent Lusiya. Tsibirin ɗan ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kamar mil 27, faɗinsa kamar mil 14, kuma har yau mutanensa ba su kai 200,000 ba. Galibinsu jikokin bayi ne waɗanda aka kwasa daga Afirka aka kai su noman rake. Faransa da Ingila sun daɗe suna ƙwace tsibirin daga hannun juna, har akan ce ya sake ubangida sau 14, kafin ya tabbata a hannun Ingila a 1814. An soke bauta a can a 1834, amma sai a 1838 bayin suka sami cikakken 'yanci.

Wannan ja-in-ja ya bar wa tsibirin gado iri biyu. Talakawa suna magana da wani harshe wanda ya tsiro daga Faransanci, alhali kuwa da Turancin Ingila ake aikin ofis da makaranta. Haka ma shari'a: abin da ya shafi aure da gado da filaye yana cikin wani kundi na 1879 wanda aka gina bisa tsarin Faransa, sauran al'amura kuwa ana bin tafarkin Ingila. Ke nan Alexander ya tashi ne a ƙasar da dokoki iri biyu ke zaune ƙarƙashin inuwa ɗaya, abin da zai sake tararwa a Nijeriya, inda dokar Turawa da Shari'ar Musulunci da al'adun gargajiya ke tafiya tare.

Ya yi karatu a Kwalejin Sent Meri ta Kastiris, wadda aka buɗe a 1890. Makarantar nan ba ta da girma, amma ita ce ta yaye Arthur Lewis, masanin tattalin arzikin da ya taɓa zama mashawarcin Nkrumah a Gana ya kuma ci kyautar Nobel a 1979, da mawaƙi Derek Walcott wanda ya ci tasa a 1992. A irin waɗannan tsibirai, yaron da ba shi da gonar rake ba shi da wata hanyar ɗaukaka sai ilmi, ilmin kuma in ya samu, ba inda zai yi aiki da shi a gida, domin manyan kujeru kaɗan ne. Saboda haka masu ilmin tsibiran suka zama fatake, sai dai hajarsu a ka take.

Daga Landan zuwa Jamaika

Alexander ya tafi Ingila ya karanta shari'a a Jami'ar Landan, ya zama cikakken lauya a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1944 zuwa 1957 ya yi aikin gwamnati a Jamaika da tsibiran Taks da Kekos, waɗanda a wancan zamani ake mulkinsu daga Jamaika. Ya yi lauyan gwamnati, ya yi majistare, ya kuma ƙware a wata sana'a wadda ba ta da suna a bakin jama'a amma ba gwamnatin da ke iya tafiya ba tare da ita ba, watau tsara dokoki.

Ya kamata mai karatu ya san abin da wannan aiki ya ƙunsa. Minista yakan ce yana son a yi doka a kan abu kaza. Mai tsara doka shi ne zai zauna ya mai da wannan buri ya zama sassa da sakin layi, ya duba kada sabuwar ta ci karo da tsohuwa, ya auna kowace kalma domin ya san wata rana lauyoyi biyu za su tsaya gaban alƙali kowa yana jan kalmar nan wajensa. Aiki ne na mai haƙuri, wanda ba ya neman a tafa masa. Shekarar da Alexander ya fara aiki, 1944, ita ce shekarar da aka ba kowane baligi a Jamaika ikon jefa ƙuri'a. Saboda haka shekarunsa 13 a can ya yi su ne cikin ƙasar da ke sake dokokinta tana shirin karɓar mulki daga hannun Turawa.

Zuwansa Nijeriya

A 1957 Jihar Yamma ta sami ikon tafiyar da al'amuranta na cikin gida. Gwamnatin Cif Obafemi Awolowo tana da lauyoyi masu iya tsayawa a kotu, amma tana ƙarancin masu tsara doka, don haka ta nemi ofishin kula da ƙasashen mallaka na Landan ya samo mata gwani. Ta haka Alexander ya sauka Ibadan. A waɗannan shekaru ne Jihar Yamma ta yi babban aikin tattara dokokinta, wanda ya fito a 1959, inda ta tace dokokin Ingila da ta gada ta mai da waɗanda take so suka zama nata. A 1960 aka naɗa shi Babban Sakataren Ma'aikatar Shari'a, kuma lauya na biyu a gwamnatin bayan Antoni-Janar.

Kada mu ɗauka Yamma kaɗai ce ta yi irin wannan aro. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanci kwamitin masana wanda shawararsa ta haifar da kundin hukunta laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960. Ita kanta Jihar Yamma, Babban Jojinta a farkon shekarun 1960 mutumin Gana ne, Quashie-Idun. Nijeriya ma ta ba da aro: Udo Udoma ya yi Babban Jojin Uganda daga 1963 zuwa 1969, Akinola Aguda kuma ya yi na Botsuwana. Zamani ne da sababbin ƙasashe ke musayar alƙalai kamar yadda maƙwabta ke aron turmi.

Yana kan wannan kujera ta Ibadan rikicin 1962 ya ɓarke. Gwamnan Jihar Yamma ya tuɓe Firimiya Akintola bisa wata takarda da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu, ya naɗa Alhaji Adegbenro. Kotun Ƙolin Tarayya ta ce tuɓewar ba ta halatta ba sai an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa. A lokacin kuwa akwai wata kotu sama da tamu, watau kwamitin shari'a na majalisar Sarauniya da ke Landan, wanda lauyoyi ke kira Firibi Kansil. A watan Mayu na 1963 wannan kotu ta rushe hukuncin ta ba Adegbenro gaskiya. Nan da nan 'yan siyasa suka gyara tsarin mulkin jihar, suka kuma ce gyaran ya fara aiki tun daga baya, hukuncin Landan ya tashi a banza. A watan Oktoba na wannan shekara Nijeriya ta zama jamhuriya, aka daina kai ƙara Landan ɗungum, aka kuma rushe hukumar da ke zaɓen alƙalai, naɗin ya koma hannun 'yan siyasa. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin za mu komo kansa.

Kan kujerar alƙalanci

A 1964 aka naɗa Alexander alƙalin Babbar Kotun Ikko. Tun daga nan aka fara miƙa masa irin aikin da ɗan gida ke jin nauyin taɓawa. Shi ya shugabanci binciken ƙungiyar asiri ta Owegbe a Jihar Tsakiyar Yamma, wadda ake zargi da rantsar da mutane da tsorata abokan hamayyar siyasa; rahotonsa ya fito a 1966. A ƙarshen shekarun 1960 kuma shi aka ba binciken yadda tambayoyin jarrabawa suka fita kafin ranar zana su, cutar da har yau ba ta bar makarantunmu ba.

A 1969, ana cikin yaƙin basasa, aka tura shi Kalaba ya zama Babban Jojin Jihar Kudu Maso Gabas, wadda aka ƙirƙiro a 1967, aka kuma sake mata suna Kuros Riba a 1976. Jihar sabuwa ce, yaƙi ya bi ta kanta, ga ƙabilu da yawa kowace tana tsoron kada wata ta danne ta. Aikinsa shi ne ya kafa kotuna inda babu, ya ta da waɗanda suka durƙushe. Akwai abin lura a nan ga ɗalibin tarihi. Kalaba tana cikin manyan tashoshin da aka yi ta lodin bayi zuwa tsibiran Karibiyan, kuma a 1846 'yan mishan da suka fara kafa makaranta a garin daga Jamaika suka taso, tare da baƙaƙen fata 'yan can. Ashe hanyar da Alexander ya biyo tsohuwa ce, ƙafafu da yawa sun taka ta, wasu da sarƙa wasu da littafi. Ya shekara shida a Kalaba, a 1974 kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa.

Naɗin 1975

Ran 29 ga Yuli, 1975, aka hamɓarar da gwamnatin Janar Gowon, Murtala Muhammed ya hau. Cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, guguwar kuma ba ta tsallake kotuna ba. Babban Joji Taslim Elias, masanin da duniya ta san da zamansa, yana cikin waɗanda aka sauke. Abin mamaki, ba a jima ba gwamnatin nan dai ta tsai da shi takarar Kotun Duniya ta birnin Heg, ya shiga a 1976, daga baya ma ya zama shugabanta.

Da aka tashi cike gurbinsa, akwai manyan alƙalai zaune a Kotun Ƙoli, irin su Udo Udoma da Fatai-Williams da Sowemimo. Aka tsallake su duka aka ɗauko Alexander daga Kalaba. A ganina bayanin da ya fi kama hankali shi ne wannan: shekara biyar kacal da gama yaƙi, kowane naɗi ana auna shi da ma'aunin ƙabila da jiha, ga shi kuma wanda aka sauke Bayarabe ne. Duk ɗan ƙasar da aka ɗora, wani ɓangare zai ce an yi masa fashi. Alexander kuwa ba shi da ƙauye a Nijeriya, ba shi da sarkin da zai kai wa gaisuwa, ba shi da dangin da za su yi masa layi a ƙofar gida. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, amma wannan baƙo ya shekara 18 yana kallon gari, ya san lungunansa, bai kuwa zama ɗan kowace unguwa ba.

Sai dai fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Komai cancantar mutumin, hanyar da aka bi aka ɗora shi ta nuna wa kowane alƙali cewa soja na iya sauke shugaban alƙalai da sanarwar rediyo, ya ɗauko wanda ya ga dama. Wannan darasi ya riga ya fara tun 1970, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Lakanmi cewa ƙwace dukiyar wasu mutane da aka yi da dokar soja bai halatta ba. Cikin makonni kaɗan gwamnati ta fito da Dokar Soja ta 28 wadda ta soke hukuncin, ta kuma hana kotuna sake tuhumar ingancin dokokinta. A cikin wannan ƙunci Alexander ya karɓi aiki. Da aka kashe Murtala ran 13 ga Fabrairu, 1976, kotun soja ce ta yi wa Dimka da sauran waɗanda ake zargi shari'a, ba a bi ta ƙofar Babban Joji ba.

Abin da ya rage a hannunsa shi ne ya riƙe gidan kada ya rushe, ya kuma riƙe. A zamaninsa aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1976, ta tsaya tsakanin manyan kotunan jihohi da Kotun Ƙoli, ta rage wa ta sama tulin ƙararrakin da ke zuwa mata kai tsaye. A shekarar da ya hau ne kuma alƙalai biyu 'yan Arewa, Muhammadu Bello da Mamman Nasir, suka shiga Kotun Ƙoli. Mamman Nasir ya koma shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1978, Muhammadu Bello kuwa shi ne ya zama ɗan Arewa na farko da ya riƙe kujerar Babban Joji, daga 1987 zuwa 1995.

Alexander ya sauka a watan Agusta na 1979, yana da shekara 59, kwanaki kaɗan bayan zaɓen shugaban ƙasa. Saboda haka Fatai-Williams ne ya shugabanci zaman da ya yanke ƙarar Awolowo da Shagari ran 26 ga Satumba, shari'ar nan ta kashi biyu cikin uku na jihohi 19, wadda ta rataya a kan ƙuri'un Jihar Kano. Magoya bayan Awolowo sun yi ta ƙorafi a kan lokacin da aka yi sabon naɗin da yadda aka yi shi. Watau baƙo na sauka, tsohon zargi ya komo inda yake. Shi kuwa bai tattara ya koma tsibirinsu ba. Ya zama shugaban Hukumar Gyaran Dokoki ta Nijeriya, ya koma sana'arsa ta fari ta tace doka, Allah ya yi masa rasuwa kafin shekarun 1980 su ƙare.

Can gida kuma fa?

Sent Lusiya ta sami mulkin kai ran 22 ga Fabrairu, 1979, lokacin ɗanta yana shekararsa ta huɗu a kan kujerar ƙoli ta shari'ar Nijeriya. Duk da haka, mutumin Kastiris da bai gamsu da hukuncin kotunan yankinsu ba, Landan zai kai kukansa na ƙarshe, gaban kotun nan da Nijeriya ta rabu da ita tun 1963. Ba kuwa don rashin gwanaye ba ne. Telford Georges, ɗan tsibirin Dominika, ya yi Babban Jojin Tanzaniya daga 1965 zuwa 1971 a zamanin Nyerere, ya yi na Zimbabuwe, ya yi na Bahamas. Dennis Byron, ɗan tsibirin Sen Kits, ya shugabanci kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha kan kisan ƙare dangi na Ruwanda, daga 2007 zuwa 2011. Yankin da ke ba duniya alƙalai ya daɗe bai yarda nasa su yi masa hukuncin ƙarshe ba. Hujjar masu son a ci gaba da zuwa Landan ita ce tsibiran ƙanana ne, kowa ya san kowa, alƙali da minista wataƙila ajinsu ɗaya a makaranta, gara wanda ke nesa. Wannan ita ce hujjar da ta kai Alexander Kotun Ƙoli ta Ikko, sai dai an juya ta.

Sai a 2005 aka buɗe Kotun Karibiyan a Fatasifen, babban birnin Tirinidad. Waɗanda suka tsara ta sun san inda gizo ke saƙa, don haka suka toshe ƙofofi biyu da gwamnati kan bi ta juya alƙali. Ta fuskar kuɗi, aka tara asusun amana na dala miliyan 100 wanda kotun ke ci daga ribarsa, don kada ta riƙa zuwa roƙo wurin ministan kuɗi kowace shekara. Ta fuskar naɗi kuma, wata hukuma mai zaman kanta ce ke zaɓen alƙalan, shugaban kotun kaɗai ne shugabannin ƙasashe ke naɗawa, shi ma bisa shawarar hukumar. Barbados da Guyana suka fara mai da ita kotunsu ta ƙarshe, Beliz ta biyo a 2010, Dominika a 2015. Sent Lusiya ba ta shiga ba sai a 2023, shekara 48 bayan ɗanta ya zama Babban Jojin Nijeriya. Jamaika, inda ya koyi aiki, da Tirinidad, inda kotun take zaune, har yanzu Landan suke kai ƙararsu ta ƙarshe.

Kammalawa

Tarihin Sa Darnley Alexander ya nuna mana cewa abin da ke tura jama'a neman alƙali daga nesa shi ne rashin amincewa da juna, ko da kuwa gwanaye sun cika gida. Nijeriya ta yanke igiyar Landan da wuri, amma ta bar naɗi da sauke alƙalai a hannun mai mulki, har ta kai ga sai da ta nemo wanda ba shi da dangi kafin hankalin kowa ya kwanta. Tsibiran Karibiyan sun riƙe igiyar shekara da shekaru, da wasunsu suka tashi sakinta kuwa sai da suka fara gina katanga tsakanin alƙali da mai mulki.

Baƙon kirki yakan yi rana, kuma Alexander ya yi wa ƙasar nan rana: ya ba ta shekarunsa fiye da 30, ya riƙe kotunanta a lokacin da doka ke fitowa daga bariki. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Tun daga 1979 'yan ƙasa ne ke riƙe da wannan kujera, kuma cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda wata rana za su yi alƙalanci, ko su tsara dokar da za a naɗa alƙalai da ita. Aikin da ke gabansu shi ne su kafa tsarin da zai sa mutumin Kalaba ya tsaya gaban alƙali ɗan Katsina, ko Bakatsine gaban ɗan Kalaba, ya fito ko an ba shi gaskiya ko ba a ba shi ba, bai tambayi garin su alƙalin ba.